Lambobin sojan Japan a akwatin tsohon soja: yadda ake gane su da yadda ake ajiye su

Tambaya: "Assalamu alaikum. Kakanmu, Allah ya ji ƙansa, tsohon soja ne da ya yi yaƙin Bama. Da muka buɗe akwatinsa na ƙarfe, ban da lambobinsa na Turawa, mun tarar da wasu guda uku masu rubutu irin na Sin ko na Japan. Ɗaya ta tagulla ce, kewayayya, da tsuntsu ya buɗe fikafikai tsakanin tutoci biyu. Ta biyu fara ce kamar azurfa, siffar ganye uku da furanni a sama, ƙyallenta fari mai jan baki, tana cikin wani ɗan baƙin akwati mai rubutu. Ta uku ba ta da nauyi ko kaɗan, tana da alamar kuros. Duk sun yi baƙi. Wani maƙeri ya ce in kawo ya kankara ya gani ko azurfa ce. Mene ne su, na gaske ne, kuma suna da kuɗi?"

Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa tsoho, ya kai haske kabarinsa. Abu uku kake son sani: sunan kowace lamba, sahihancinta, da abin da za ta yi a kasuwa. Amma kafin su duka, don Allah kada ka kai wa maƙerin nan, kuma kada a goge su da toka, lemun tsami ko man goge ƙarfe. Azurfar da ke jikin lambar ba ta taka kara ta karya ba idan aka auna ta da nauyi, kuma kankara ɗaya ta isa ta zubar da darajarta a wurin masu tara irin waɗannan kaya. Baƙin da ka gani shi ne shaidar shekarunta.

Yadda suka shigo akwatunan tsofaffinmu

Ba abin mamaki ba ne a sami kayan sojan Japan a gidan Bahaushe. Runduna ta 81 da ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma, waɗanda Hausa ce harshen da aka fi yi a tsakanin 'yan Najeriyar cikinsu, sun fafata da Japanawa a kwarin Kaladan da yankin Arakan a 1944 da 1945, kuma suna cikin waɗanda suka karɓe garin Myohaung a watan Janairun 1945. Wasu bataliyoyi uku na Najeriya sun shiga daji tare da rundunar Birtaniya da ake kira Chindit a 1944. Sunayen barikoki irin su Dalet da Kalapanzin a Kaduna da barikin Chindit a Zariya duk daga can suka samo asali. Soja kan dawo da abin tunawa, wani ya tsinta a sansanin da aka gudu aka bari, wani ya yi musaya da taba bayan Japan ta miƙa wuya a watan Agustan 1945, wani ya saya a Indiya a hanyar komawa gida. Lambar ita kanta ba za ta gaya maka ta wace hanya ta zo ba, domin Japan ba ta rubuta sunan mai lamba ko lambar aikinsa a jikin ƙarfen. Sunan yana kan takardar shaida ne da ake bayarwa tare da ita.

Kayan nan sun kasu gida uku, kuma rikita su shi ne kuskuren farko da sabon shiga ke yi. Akwai lambobin girma masu matakan daraja, waɗanda ake bayarwa da sunan Sarkin Japan. Akwai lambobin halartar yaƙi, waɗanda duk wanda ya je fagen yake samu, janar ne ko kurtu. Sai lambobin tunawa da na ƙungiyoyi, irin na naɗin sarauta a 1915 da 1928, da na ƙungiyar agaji da ta tsofaffin sojoji. Naka guda ukun, bisa yadda ka siffanta su, kowace daga gida daban ta fito.

Naka guda uku

Ta tagullar nan mai tsuntsu da tutoci biyu ita ce lambar yaƙin Sin wanda ya ɓarke a 1937, an kafa ta a 1939. Tsuntsun hankaka ne na tatsuniyar Japanawa da suke kira Yatagarasu, tutocin kuma na sojan ƙasa da na ruwa ne, a samansu akwai furen kiku, tambarin gidan sarauta. Juya bayanta, za ka ga duwatsu da gajimare da igiyar ruwa, da haruffa huɗu. Faɗinta wajen milimita 30 ne, ƙyallenta shuɗi a gefe, ruwan ƙasa a ciki, ja a tsakiya. A saman ƙarfen akwai ɗan sanda a kwance mai haruffa huɗu, 從軍記章, ma'anarsu lambar halartar yaƙi, kuma daga dama zuwa hagu ake karanta su, kamar ajami. Miliyoyin mutane ne suka same ta, kuma rundunonin Japan irin ta 18 da ta 33 da suka yi yaƙi a Bama sun fara yi ne a Sin, don haka ita ce aka fi tsinta.

Tana da 'yar'uwa da ake yawan ɗauka ita ce, wato ta rikicin Manchuriya na 1931 zuwa 1934. Ita ma tagulla ce mai tsuntsu, amma tsuntsun shirwa ce a tsaye kan garkuwa, babu tutoci, a bayanta kuma hulunan kwano biyu ne a kan furanni, ƙyallenta ja ne mai duhu da ratsin ruwan ɗorawa. Idan ka ga tutoci biyu a gicciye amma babu tsuntsu, to ka koma baya sosai, ko dai yaƙin Sin na 1894 zuwa 1895, ko na Rasha na 1904 zuwa 1905, ko na yaƙin duniya na farko, kuma shekarar da ke rubuce a baya ce za ta raba gardama.

Ta biyu ita ce mafi girma a cikin ukun. Lambar girma ce ta Fitowar Rana, Kyokujitsu-sho, wadda aka kafa a 1875, ita ce ta farko a tarihin ƙasar. Mutane kan ruɗe saboda ba su ga rana a jikinta ba. Dalili shi ne daraja ta bakwai da ta takwas ba su ɗauke da ranar, ganyen bishiyar da Japanawa ke kira kiri ne kawai, ganye uku a ƙasa da reshen fure uku a sama. Idan azurfa ce zalla, ta takwas ce, wadda ƙananan sojoji suka fi samu. Idan ganyen kore ne mai sheƙi, furannin kuma shunayya, ta bakwai ce. Launin nan ba fenti ba ne, inamel ne, wato narkakken gilashi da ake gasawa a kan ƙarfe, irin na jikin langa da kwanonin jere na da. A bayanta za ka ga haruffa huɗu, 勲功旌章, ma'anarsu lambar yabo kan kyakkyawan aiki. Farin ƙyalle mai jan baki da ka ambata shi ne nata na asali.

Ta ukun ba ta soja ba ce, duk da cewa sojoji na saka ta a jerin lambobinsu. Lambar zama mamba ce a ƙungiyar agaji ta Red Cross ta Japan. A gabanta akwai kuros da tsuntsu mai dogon wutsiya da gora da ganyen kiri, ƙyallenta ja da siraran ratsi masu launin sararin samaniya a gefe da gefe. Tsofaffin na azurfa ne, rashin nauyin taka kuwa yana nuna ta alminiyam ce, irin wadda aka koma yi lokacin da yaƙi ya sa azurfa ta yi wuya. A bayanta an rubuta shekara ta 21 ta zamanin Meiji, wato 1888, kuma nan ne dillalai ke cin kasuwa. Wannan shekarar kafa lambar ce, an ci gaba da buga ta haka shekara da shekaru, ba shekarar da aka ƙera taka ba ce.

Karanta shekara da rubutun akwati

Ba sai ka iya Japananci ba, haruffa kaɗan sun wadatar. Japanawa na ƙirga shekara da zamanin sarki. Idan ka ga 明治, Meiji ke nan, sai ka ƙara 1867 a kan adadin da ya biyo baya. 大正 Taisho ne, ka ƙara 1911. 昭和 Showa ne, ka ƙara 1925. Alƙaluman su ne 一 二 三 四 五 六 七 八 九 十, daga ɗaya zuwa goma, harafin 年 kuma shekara yake nufi. Meiji 37 da 38 ya ba ka 1904 da 1905, Showa 6 zuwa 9 ya ba ka 1931 zuwa 1934. Takardun shaida da yawa na yaƙin Sin suna ɗauke da Showa 15, wata na huɗu, rana ta 29, domin a ranar 29 ga Afrilun 1940 aka yi babban rabon lambobi. Manhajar fassara ta waya kan yi shirme a nan, saboda rubutun daga dama yake farawa kuma salon haruffan tsoho ne irin na hatimi, gara ka kwatanta harafi da harafi da idonka.

Baƙin akwatin da ka samu rabin lambar ne, ka riƙe shi da kyau. Na lambobin girma katako ne da aka shafe da baƙin ƙaron itace mai sheƙi, rubutun murfin yana saukowa daga sama zuwa ƙasa. Harafi na biyu shi ne adadin daraja, a naka ya kamata ka ga 八, biye da shi 等. Idan murfin ya ce bakwai, lambar ciki kuma ta takwas ce, to an haɗa auren dole ne, kuma hakan na faruwa sosai a hannun 'yan kasuwa. Launin rubutun ma yana da magana: mafi yawa ruwan zinariya ne, masu ruwan azurfa kuwa galibi na shekarun yaƙin duniya na biyu ne. A cikin cikakken akwati akan sami ɗan ƙullin ƙyalle kamar maɓalli, wanda ake maƙalawa a kwat ranar da ba a saka lambar ba. Ita kuwa lambar yaƙin Sin, akwatinta na kwali ne mai tauri, baƙi.

Idan tarawa za ka shiga

Lambobin girma uku ne za su riƙa zuwa hannunka. Fitowar Rana daga daraja ta shida zuwa sama tana da jan dutse a tsakiya da fararen tsirkiyoyi kewaye da shi, ganyen kiri kuma ya koma abin ratayewa a sama. Jan dutsen gilashi ne, ba yakutu ba, kuma an lalata lambobi da yawa wajen ɓamɓaro shi. Hanya mafi sauƙi ta raba darajojin ita ce ƙirga furanni: uku, biyar, uku daga ta biyar zuwa ƙasa, biyar, bakwai, biyar daga ta huɗu zuwa sama. Ta shida azurfa ce, ta biyar an taɓa ta da ruwan zinariya, ta huɗu tana da kewayayyen ƙulli a kan ƙyalle, ta uku a wuya ake rataya ta, manyan kuma suna da tauraron ƙirji.

Ta biyu ita ce Taska Mai Tsarki, Zuiho-sho, ta 1888, wadda aka fi bayarwa kan daɗewa a aiki. Madubi ne a tsakiyarta, a manyan darajoji an kewaye shi da jajayen ɗigo kamar duwatsun ado, ƙyallenta shuɗi mai haske ƙwarai da ratsin ruwan ɗorawa biyu. Shuɗin kan koɗe har ya koma kamar fari, kada wannan ya sa ka ce an canja ƙyallen.

Ta uku ita ce wadda kowa ke nema, Shirwar Zinariya, Kinshi Kunsho, ta 1890. Ta soja ce zalla, kan jarumta da iya jagoranci a yaƙi, kuma darajarta bakwai ce, ba takwas ba. Sunan ya fito daga labarin sarkinsu na farko, Jimmu, wanda aka ce shirwa mai ƙyalli ta sauka a kan bakansa ta kashe wa abokan gaba ido. Siffarta garkuwoyi ne a gicciye da makami a tsaye, shirwar a can sama, ƙyallenta kore mai ratsin fari biyu. Ta shida da ta bakwai ba su da inamel, yawan ruwan zinariya ne ya bambanta su, kuma tun da ruwan kan goge da shekaru, akwati ko takarda ne ke tabbatarwa. A murfinta harafin farko 功 ne, ba 勲 ba. Muƙamin soja ne ke iyakance darajar da zai iya samu, kurtu ba ya wuce ta biyar, don haka duk wanda ya kawo maka daraja ta uku ya ce daga jikin wani kofur aka cire ta, labarin bai tsaya ba. An soke ta a 1947.

Ta gaske da jabu

Labari mai daɗi shi ne, irin naka ukun ba a cika yin jabunsu ba, domin na gasken sun yi yawa har ƙera jabu ba riba. Inda ake cuta shi ne manyan darajojin Shirwar Zinariya, da lambobin halartar yaƙi na farko-farko irin ta 1874 da ta 1900, da kuma lambar yaƙin Gabashin Asiya da aka kafa a 1944. Ita wannan yaƙi ya ƙare kafin a raba ta yadda aka tsara, kusan duk wadda ke yawo a kasuwa an ƙera ta ne daga baya domin tsofaffin sojoji. Ka ɗauke ta a matsayin kwafi sai an kawo hujja mai ƙarfi.

Kayan aikin da nake amfani da su ba su da yawa: gilashin ƙara girma mai ninki goma irin na masu gyaran agogo, maganaɗisu, ƙaramin sikeli mai auna giram, da 'yar tocilan mai shuɗin haske irin ta duba jabun kuɗi. Ta gaske bugawa aka yi da inji, kamar kwabo, saboda haka bakin haruffanta a tsaye yake, filinta sumul. Jabu yawanci zubi ne, za ka ga ƙananan ramuka kamar fatar lemo, haruffa sun yi kumburi, wani lokaci da siririn layi a kewayen baki inda gidan zubin ya haɗu. Azurfa da tagulla da alminiyam duk ba sa kama maganaɗisu, idan jikin lambar ya kama, ajiye ta, amma ka gwada nesa da ƙugiyar ƙyalle don kada ta ruɗe ka. Inamel na gaske yana da sanyi da tauri, idan ya fashe yakan ɓalle kamar kwalba, kuma a koren ganye kana hango zanen jijiyoyi ta ƙarƙashinsa. Na jabu roba ce ko fenti, ba shi da zurfi. Sikelin kuwa amfaninsa sai kana da wata tabbatacciya irinta da za ka gwada da ita.

Ƙyallen ma shaida ne. Na Japan siliki ne mai ruwa-ruwa, faɗinsa wajen milimita 36 zuwa 37, kuma a bayansa akwai doguwar ƙugiya a sama da 'yar kafar da take shiga a ƙasa, ba fil ba irin na Turawa. Tsohon siliki ba ya walƙiya a ƙarƙashin shuɗin haske, sabon zare kuwa yakan yi fari fat. Sai dai ƙyallen da aka taɓa wankewa da omo shi ma zai yi walƙiya, don haka wannan gwajin shi kaɗai ba ya yanke hukunci. A wasu lambobin girma za ka ga ɗan mitsitsin harafin M, alamar gidan buga kuɗi na Osaka, wadda masu tarawa ke dangantawa da shekarun 1930 zuwa farkon 1940. Rashinta ba aibi ba ne, da yawa na gaske ba su da kowace alama.

Akwai kuma ta gaske amma ba ta lokacin yaƙi ba. An dakatar da ba rayayyu lambobin girma a 1946, aka dawo da shi a 1964, aka kuma shiga ba iyalan waɗanda suka mutu a yaƙi, har zuwa 2003 da aka soke daraja ta bakwai da ta takwas ta Fitowar Rana. Saboda haka ganyen kiri na bayan yaƙi ya cika kasuwannin intanet. Taka da ta kwana a akwatin tsoho tun dawowarsa ta tsira daga wannan shakkar, kuma wannan shi ne abin da ta fi na kasuwa da shi. Duk da haka bayanin baki yana da iyaka: sunayen da na ba ka na dogara ne kan siffar da ka faɗa, tabbatar da sahihanci kuwa sai an ga hoto mai kyau na gaba da baya da gefen kowace, da bayan ƙyalle, da murfin akwati.

Ajiya da batun kuɗi

Yanayinmu yana cin kayan nan ta fuska biyu. Damina na kawo koren tsatsa a tagulla da fumfuna a siliki, hunturu kuma na busar da katakon akwati har baƙin shafen ya tsage. Ka cire su daga akwatin ƙarfen idan ya fara tsatsa, ka naɗe kowace daban a farin ƙyallen auduga, ka sa a mazubi mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi ko na magani, ka riƙa canja su duk damina. Kada ka sa su a leda mai taushi irin ta jakar katin shaida, tana fitar da wani maiƙo da ke mayar da tagulla kore. Kada ka ɗaure da roba, tana baƙanta azurfa. Rana na kashe launin ƙyalle cikin 'yan watanni, don haka ban ba da shawarar rataye su a bangon falo ba. Ƙura kawai za ka share da burushi mai laushi, a bushe. Ƙyallen ko ya yage kada a wanke, kada a ɗinke, kada a canja. Idan koren tsatsa ya riga ya fito kamar gari, ware wannan lambar daga sauran, ka ɗauke garin a hankali da tsinken sakace, ban da allura.

Game da kuɗi, gara ka ji gaskiya tun yanzu: ukun nan suna cikin mafi araha a duk lambobin Japan, kowace ita kaɗai ba za ta kawo abin kirki ba. Abin da ke ɗaga farashi shi ne babbar daraja, inamel marar tsagewa, akwatin da ya dace da lambar, da takardar shaida mai sunan mutum da babban jan hatimin ƙasa. A naka, ƙimar tana cikin haɗuwarsu da lambobin kakanku na Birtaniya, musamman Tauraron Bama mai jan tsakiya da shuɗi da ruwan goro a gefe, da littafin sallamarsa idan yana nan. Wannan tarin a dunƙule shi ne abin da gidan tarihi ko mai bincike zai so, kuma ranar da aka raba shi an yi asarar da ba ta dawowa. Ka zauna da dattawan gidan ka rubuta cikakken sunansa, lambar aikinsa, bataliyarsa da duk abin da suka ji daga bakinsa, ka sa takardar a cikin mazubin.

Ka sake duba ƙasan akwatin kuma. Idan ka ci karo da farar tuta mai jan da'ira a tsakiya wadda aka cika da rubutun hannu, wannan ba kamar lambobin ba ce. 'Yan'uwa da maƙwabtan sojan ne suka sa hannu suka ba shi ranar tafiya, sunansa na jiki da manyan haruffa, kuma sau da yawa ana iya gano danginsa da ita. Ƙungiyar OBON Society da ke jihar Oregon a Amurka tana karɓar irin waɗannan tutoci tana neman iyalan a Japan ta mayar musu, ba tare da an biya ta ba.